Tsakanin Ɓera da Ɗan Adam: Wa Zai Biya Kuɗin Gwajin Maganin Laka?

Ranar 14 ga Nuwamba, 2011, wani kamfanin binciken magunguna mai suna Geron, da ke garin Menlo Park a jihar Kalifoniya ta Amurka, ya fitar da sanarwar da ta kashe wa masu ciwon laka jiki a duk inda suke. Ya ce ya dakatar da gwajin da yake yi na gyara laka da ƙwayoyin halitta. A cikin waɗanda aka yi wa allurar babu wanda ya mutu, babu wanda ƙari ya fito wa, hukuma ma ba ta tsawatar ba. Lissafin aljihu shugabannin kamfanin suka yi, suka ga ba za su kai ba. A sanarwar guda suka sallami ma'aikata 66, wato kashi 38 cikin 100 na ma'aikatansu, suka ce daga yau sun koma kan maganin ciwon daji.

Mutum 10 aka shirya yi wa allurar, an yi wa 4 ke nan aka tsaya. Ta biyar, wata matashiya da ta yi haɗarin mota, an riga an sa sunanta kafin sanarwar, sai aka yi mata bayan kowa ya san an naɗe tabarmar aikin. Kuma wannan gwaji ba ƙarami ba ne a tarihin likitanci, domin shi ne na farko a duniya da hukuma ta yarda a sa wa ɗan Adam ƙwayoyin da aka samo daga asalin ɗan tayi.

Laka ita ce igiyar jijiyoyin da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta bi ta cikin ƙashin baya, ta nan saƙo yake zuwa hannu da ƙafa da mafitsara da hanji, ta nan kuma yake komawa. Mutane kan ce "lakarsa ta tsinke", amma a yawancin haɗurra ba ta rabuwa biyu. Ƙashi ne yake karyewa ko ya goce ya daddatse ta, sai kumburi ya biyo baya ya ƙarasa ɓarnar cikin kwanaki. Wasu zaruruwan jijiyar sukan tsira, sai dai rigar kitsen da ta lulluɓe su ta zube, kamar wayar lantarkin da robarta ta saɓule: wayar tana nan, amma wuta ba ta isa inda aka nufa. Dabarar Geron ita ce a zuba ƙwayoyin da za su girma su sake ɗinka wa jijiyoyin wannan riga.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyan 15.4 ne suke rayuwa da raunin laka, mafi yawansu maza. Har yau babu wani magani, ko na sha ko allura, da aka tabbatar yana mayar da lakar da ta lalace yadda take. Ɓeraye kuwa an sha tayar da su a ɗakunan bincike. Abin da yake tsakanin ɓeran da ya taka da mutumin da yake kwance shi ne gwaji a jikin mutane, kuma a nan ne magunguna da dama suke mutuwa tun kafin a san ko suna aiki.

Yadda aka haɗa kuɗin Geron

Kuɗin da suka kai wannan gwaji bakin gadon asibiti daga aljihu uku suka fito, kowane da labarinsa.

Na farko na 'yan kasuwa ne. Geron ne ya ɗauki nauyin binciken James Thomson na Jami'ar Wisconsin, wanda a 1998 ya fara raino a ɗakin gwaji irin ƙwayoyin nan na tushe, masu iya rikiɗa su zama kowane sashe na jiki. Ana samun su ne daga ƙwan da aka haɗa a asibitin masu neman haihuwa, ya yi 'yan kwanaki, ma'auratan ba su buƙace shi ba. Wannan ya tayar da ƙura tsakanin malaman addini da 'yan siyasar Amurka, har shugaba George W. Bush ya taƙaita kuɗin gwamnatin tarayya a wannan fanni a watan Agustan 2001. Takunkumin bai tashi ba sai da Barack Obama ya ɗage shi a Maris ɗin 2009. Shekarun nan takwas, duk mai son yin aikin sai ya nemi wata ƙofa.

Aljihu na biyu wani uba ne ya ɗinka shi. A 1994 wani ɗalibi mai suna Roman Reed ya karye a wuya yana wasan ƙwallon Amurka a kwaleji. Mahaifinsa, Don Reed, malamin makaranta ne, ba attajiri ba. Ya dinga sintiri a majalisar dokokin Kalifoniya har aka yi doka a 2000 da sunan ɗansa, wadda ta ware wa binciken laka ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a kasafin jihar. Daga cikin wannan ɗan kuɗi, haɗe da na Geron, Hans Keirstead na Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine ya yi aikin da ya buga a 2005. Ɓerayen da ya yi wa allura kwana 7 bayan rauni tafiyarsu ta gyaru, waɗanda ya jira wata 10 kafin ya yi musu kuwa ba su canja ba. A kan wannan sakamako aka gina komai. Shi kuwa asusun Roman Reed daga baya ya ƙafe, aka nemi a riƙa ƙara dala 1 a kan tarar masu karya dokar hanya don a raya shi, gwamna Jerry Brown ya ƙi sa hannu a 2012.

Na uku shi ne mafi girma, kuma talakawa ne suka buɗe shi da ƙuri'a. A Nuwamban 2004 mutanen Kalifoniya, da rinjayen kashi 59 cikin 100, suka amince jiharsu ta ciwo bashin dala biliyan 3 don binciken ƙwayoyin tushe, aka kafa hukumar CIRM ta riƙa rabon kuɗin. Christopher Reeve, jarumin fim ɗin Superman da ya faɗo daga kan doki a 1995 jikinsa ya shanye daga wuya, ya yi wa ƙudurin talla, amma ya rasu a watan Oktoba, makonni uku kafin zaɓen.

Da duk wannan, hanyar ba ta yi sauƙi ba. Takardun neman izinin da Geron ya kai wa hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, sun kai kimanin shafi 21,000, bayan gwaji a kan ɓeraye kusan 2,000. Hukumar ta ba da izini a Janairun 2009, ta sake dakatarwa a Agusta saboda wasu ƙananan ƙulutai da aka gani a lakar ɓerayen, ba ta saki ba sai Yulin 2010. Duk wannan jira albashi ana biya. A Oktoban 2010 aka yi wa mutum na farko, Timothy Atchison, ɗalibin aikin jinya ɗan shekara 21 daga Alabama, a cibiyar Shepherd da ke Atlanta. Ƙwayoyi miliyan 2 aka sa masa, adadin da aka san ya yi kaɗan ya tayar da mutum, don abin da ake so a fara sani shi ne ko ba su cutarwa. A Mayun 2011 CIRM ta amince ta ba Geron rancen dala miliyan 25. Wata shida bayan nan kamfanin ya janye, ya mayar da kimanin miliyan 6 da rabi da ya riga ya karɓa, har da kuɗin ruwa.

Mutane da yawa sun zagi Geron a lokacin, kuma ba za a ce ba su da hujja ba. Amma in a ma'aunin kasuwa za a auna, shugabanninsa ba su yi wauta ba. Maganin da suka zaɓi su riƙe, imetelstat, ya samu amincewar FDA a Yunin 2024 don wata cutar jini, ana sayar da shi da sunan Rytelo. Ni a ganina laifin ya fi na mutum ɗaya girma. Tsari ne da yake ɗora tambayar da ta shafi miliyoyin mutane a wuyan kamfanin da masu hannun jari suke tsare da shi kowane wata uku.

Aikin bai mutu gaba ɗaya ba. A 2013 wani kamfani, Asterias, ya sayi ƙwayoyin da takardunsu, CIRM ta ba shi tallafin dala miliyan 14.3 a 2014, ya yi wa mutum 25 masu rauni a wuya, wasu har da ƙwayoyi miliyan 20. A cikinsu akwai Kris Boesen, wanda hotonsa ya zagaye duniya a 2016 yana ɗaga ƙarfen motsa jiki da hannuwan da a da ba sa motsi. A 2019 Asterias ya narke cikin kamfanin da yanzu ake kira Lineage. Shekara 20 ke nan daga ɓerayen Keirstead, kamfani uku sun riƙe maganin, amma ba a kai ga gwajin da zai raba gardama ba, wato wanda za a kwatanta waɗanda aka yi wa da waɗanda ba a yi wa ba.

Abin da yake cin kuɗin

Wannan kwatance shi ne gaɓar da mai karatu ya kamata ya riƙe, domin a kanta ake yaudarar mutane, a kanta kuma kuɗi suke ƙarewa. Jiki yakan ɗan farfaɗo da kansa a shekarar farko bayan raunin laka, ko ba a yi masa komai ba sai jinya da gashi. A cikin waɗanda likita ya auna da fari ya ga babu motsi babu ji ko kaɗan a ƙasan raunin, kusan ɗaya cikin biyar yakan samu wani sauyi. Masu raunin da bai gama da lakar duka ba kuwa, da yawansu sukan samu sauƙi mai yawa, wasu har su taka. Saboda haka in ka yi wa mutum 10 allura, 3 suka motsa yatsa, ba ka san ko allurarka ce ko kuwa dama za su motsa ba. Hannun Kris Boesen ya dawo, wannan gaskiya ne. Abin da ya dawo da shi ne hoto ba zai iya faɗa ba.

Kafin a sani, sai an tara ɗaruruwan majinyata masu rauni iri ɗaya, a raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba rabi maganin, a ba rabi ruwan da ba komai cikinsa, kuma a ɓoye wa majinyacin da mai auna shi wanda ya samu wanne. Ga shi raunin laka ba ya zuwa da alƙawari. Gwajin Geron ya buƙaci mutumin da bai wuce kwana 7 zuwa 14 da rauni ba, wasu magungunan ma sa'o'i ne. Dole a tanadi asibitoci da dama a garuruwa daban-daban, a horar da likitocin tiyata da masu aunawa, a biya su suna jiran haɗarin da ba a san ranarsa ba. Mafi yawan waɗanda aka kawo kuma ba za su dace ba: wannan rauninsa ya yi sama, wancan yana da wata cutar, wancan iyalinsa sun ƙi. Bayan allura ga hoton ƙwaƙwalwa da laka, ga maganin hana jiki ƙin baƙin ƙwayoyi, ga bibiya, wadda a gwajin Geron shekara 15 ce. Babban gwaji irin wannan gomman miliyoyin daloli yake lashewa.

Kasuwar kuma ƙarama ce. A Amurka kimanin mutum 18,000 ne suke samun raunin laka a shekara, alhali masu ciwon suga a ƙasar sun haura miliyan 38. Ba wai raunin laka ba shi da tsada ba ne: jinyar wanda ya karye can saman wuya takan haura dala miliyan 1 a shekarar farko kaɗai. Sai dai wannan kuɗi iyali da kamfanin inshora da gwamnati ne suke biya, su ne za su huta in an samu magani, amma ba su ne aka ɗora wa nauyin gwajin ba. Wanda zai amfana daban, wanda ake jira ya zuba jari daban.

Ba Geron kaɗai wannan rami ya ci ba. StemCells Inc ya tsayar da nasa gwajin a 2016 ya rufe ƙofa. InVivo, mai wani ɗan soso da ake dasawa a cikin rauni, ya durƙushe a 2024 bayan gwajinsa bai ba da abin da ake fata ba. Vertex ya tsayar da nasa a 2018 da ya duba a tsakiyar hanya ya ga babu alamar nasara.

Labarin da ya fi nuna tsawon jiran shi ne na Martin Schwab na Zurik a Suwizalan. A ƙarshen shekarun 1980 ya gano cewa a cikin laka akwai wani sinadari da yake hana jijiya sake tofowa, aka raɗa masa suna Nogo. A 1990 ya nuna cewa in an toshe sinadarin, jijiyar ɓera tana tofowa. Katafaren kamfanin Novartis ya ɗauka, ya fara gwajin matakin farko a 2006 a kan mutum 52, aka ga babu wata babbar illa. Daga nan kamfanin bai ci gaba ba. Sai da likitocin jami'o'i suka yi karo-karo, Tarayyar Turai ta ba da kaso ta shirinta na Horizon 2020, gwamnatin Suwizalan da gidauniyoyi suka cika, sannan aka fara mataki na biyu a 2019 a Jamus da Suwizalan da Sifaniya da Cek, da mutum 126. Sakamakon ya fito a mujallar Lancet Neurology a ƙarshen 2024: in an haɗa kowa da kowa, maganin bai fi ruwan banza ba wajen dawo da ƙarfin hannu, amma an ga alamar amfani ga waɗanda lakarsu ba ta mutu duka ba.

Wani zai ce an yi asara. Ni ban ga asara a nan ba. An biya kuɗi an sayi amsa, an san wanda ba za a ƙara wahalar da shi da wannan allura ba, an san inda za a sake dubawa. Abin takaicin shi ne shekara 34 da aka ɗauka daga ɓera zuwa wannan amsa, kuma wani kaso na shekarun a neman mai biya ya tafi.

Akwai kuma maganin da arharsa ce ta zame masa matsala. Riluzole tsohon magani ne, tun 1995 ake ba masu wata cutar jijiya, kowane kamfani yana iya yin sa, don haka babu wanda zai ci ribar tabbatar da shi. Michael Fehlings na Toronto da abokan aikinsa suka haɗa kuɗi daga ƙungiyar likitocin ƙashin baya ta AO Spine da wasu gidauniyoyi, suka fara a 2013 da niyyar mutum 351. Kafin annobar korona ta tsayar da su a 2020 sun samu 193. Adadin bai isa a yanke hukunci ba, sakamakon ya tsaya a tsaka-tsaki, ba a ce yana yi ba, ba a ce ba ya yi ba.

Masu gudu da masu tausayi

Inda kamfani ya ja da baya, iyalan majinyata ne suke shiga. A 2003 Hannes, ɗan zakaran tseren babur na Ostiriya Heinz Kinigadner, ya faɗi a wani tsere jikinsa ya shanye. Shekara guda bayan nan uban da amininsa Dietrich Mateschitz, mai kamfanin Red Bull, suka kafa gidauniyar Wings for Life. Tun 2014 suke shirya wani gudu da ake tashi lokaci guda a faɗin duniya, babu layin ƙarshe, sai dai mota ta taso minti 30 bayan an fara, duk wanda ta cim ma ya gama nasa. Kuɗin rajista duka bincike suke tafiya. A 2025 sama da mutum 300,000 suka shiga, aka tara Yuro miliyan 8.6. Kuɗi ne masu auki, kuma suna cikin waɗanda suka tallafi gwajin Nogo. Amma a auna: gumin mutum 300,000 na shekara guda bai kai ko rabin rancen da aka yi wa Geron alƙawari don gwajin mutum 10 ba.

Gidauniyar Christopher da Dana Reeve ta bi wata hanyar. Bayan tawagar Susan Harkema ta Louisville ta dasa wa wani matashi, Rob Summers, na'urar da take ɗan jan laka da lantarki har ya iya tsayawa, abin da aka buga a 2011, gidauniyar ta fito a 2014 tana neman dala miliyan 15 don a gwada a kan mutum 36. A wannan fanni na lantarki ne ma aka fara ganin abin da ya isa kasuwa: a Disamban 2024 FDA ta amince da na'urar ARC-EX ta kamfanin Onward, wadda ake mannawa a bayan wuya ba tare da tiyata ba. A cikin mutum 60 da suka kammala gwajinta, kashi 72 cikin 100 sun samu ƙarin ƙarfi ko amfanin hannu. Ba ta tayar da kowa daga keke ba. Riƙe cokali ne, da ɗaukar kofi, da latsa waya.

Kuma wannan ya fi kusa da abin da majinyatan da kansu suke roƙo. A 2004 wata mai bincike, Kim Anderson, wadda ita ma a keken take, ta tambayi masu raunin laka 681 abin da suka fi so ya dawo. Waɗanda rauninsu yake a wuya suka ce hannu. Waɗanda ƙafafu ne kawai suka shanye suka sa mu'amalar aure a gaba. Dukkansu kuma suka sa riƙe fitsari da bayan gida a sahun farko. Tafiya da ƙafa ba ita ce ta ɗaya ba. Amma mai ba da sadaka hoton wanda ya miƙe daga keke ne yake motsa masa zuciya, ba wanda zai yi gudun kilomita 20 don an ce za a gyara mafitsara. Kuɗin tausayi ma suna da nasu son zuciyar, kuma sukan ja bincike zuwa inda kyamara take.

Idan majinyaci ne zai biya

Hanya mafi sauƙi ta samun kuɗin gwaji ita ce a tsallake gwajin a fara sayarwa. Japan ta yi haka a hukumance. A Disamban 2018 ta ba wani magani mai suna Stemirac izinin wucin gadi na shekara 7, wanda ake yi da ƙwayoyin ɓargon majinyacin kansa. Hujjar ita ce mutum 13 da aka yi wa, 12 suka samu sauƙi, ba tare da rukunin kwatance ba. Inshorar lafiyar ƙasar ta sa masa farashin kusan yen miliyan 15. Mujallar Nature ta soki matakin da kakkausar murya, kuma dalilinta a fili yake: da zarar magani ya shiga kasuwa, wane ne zai yarda a sa shi cikin rabin da ba za a ba ba?

Japan dai tana da hukuma mai sa ido. Ƙasa da wannan akwai asibitocin kuɗi a ƙasashe da dama, masu sayar da allurar ƙwayoyin tushe ga duk wanda ya zo da dala, wasu ma suna kiran abin "gwaji" don ya yi kwarjini. Jamus ta rufe irin wannan cibiya, XCell, a 2011 bayan mutuwar wani yaro. A 2014 likitoci a Iowa suka ba da rahoton wata mata da aka dasa wa naman cikin hancinta a laka a Fotugal. Ba ta samu sauƙi ba, bayan shekara 8 ciwo ya tsananta, da aka buɗe sai aka tarar da ƙari yana fitar da majina a cikin bayanta. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, kuma masu miƙa takobin sun san haka.

A nan ne zancen ya iso gida. Duk mai sauraron rediyo a Kano ko Kaduna, ko mai duba Facebook, ya saba da sanarwar neman taimako: matashi ya yi haɗari, lakarsa ta taɓu, an ce sai an fitar da shi Indiya ko Masar. Wani lokaci tiyatar daidaita ƙashi ce ta gaskiya, wadda take da amfani. Wani lokaci kuwa allurar nan ce da ba a tabbatar ba, a sayar da gona da gida, a dawo da mutum yadda aka tafi da shi. Gwaji na gaskiya ba ya karɓar kuɗin magani daga hannun majinyaci, yana da izinin hukumar ƙasar da kwamitin ɗa'a, kuma likitan zai faɗa maka ƙarara cewa bai san ko zai yi aiki ba. Wanda ya ce maka tabbas ɗanka zai taka, ya kuma turo lambar asusu, ciniki yake yi.

Mutanen Kano ba sa buƙatar a koya musu tsoron kalmar gwaji. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara 200, 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009 a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Wannan tabo yana nan. Sai dai a fannin laka matsalarmu ta juya: manyan gwaje-gwajen nan duka a Amurka da Turai da Japan da makamantansu aka yi su, ba wanda ya zo neman majinyatanmu.

Ko da an zo ma, da wuya a samu wanda ya dace. Gwajin riluzole ya buƙaci a fara ba mutum maganin cikin sa'a 12 da rauni. A hanyoyinmu, wanda ya yi haɗari masu taimako ne suke fizgo shi daga mota da kyakkyawar niyya, a naɗe shi a bayan tasi ko a Keke Napep, wuya yana lilo, abin da kan ƙarasa lakar da haɗarin ya rage. Wani sai an biya da shi wurin mai ɗori, kafin ya isa Asibitin Ƙashi na Dala ko wani asibitin koyarwa an yi kwanaki. Abin da yake kashe shi bayan nan kuma sananne ne: gyambon kwanciya da ciwon mafitsara. Tun 1944 Ludwig Guttmann ya nuna a asibitin Stoke Mandeville na Ingila cewa juya majinyaci kowane sa'a biyu, dare da rana, da tsabtace hanyar fitsari, suna raya mutanen da a da ake sallama wa mutuwa. Wannan ba ya jiran wani sabon bincike, ma'aikatan jinya yake jira da katifa da robar fitsari mai tsabta.

Turawa ma ba da allura suka fara ba. Gwajin Nogo ya yiwu ne saboda tun 2001 asibitocin laka na Turai suka haɗa wani kundi mai suna EMSCI, suna auna kowane majinyaci da ma'auni ɗaya a lokuta ɗaya cikin shekararsa ta farko, har suka san gwargwadon sauƙin da kowane irin rauni yake samu da kansa. Gidauniyar Reeve ta kafa irinsa a Arewacin Amurka a 2004, kuma ta cikinsa aka fara gwada riluzole. A Najeriya alƙaluman da ake da su galibi rahotannin asibitoci ne ɗaiɗaiku, kowanne da yadda ya ƙirga nasa. Duk attajiri ko gwamnan da yake son a yi gwajin maganin laka a ƙasar nan wata rana, kuɗinsa na farko za su tafi ne ga albashin wanda zai zauna a Dala da Zariya da Maiduguri yana auna majinyata yana rubutawa, shekara da shekaru, kafin wani mai bincike ya samu abin da zai kwatanta maganinsa da shi.